Kalmar sirri da kod: abin da mai salula a ƙasar Kurfai ya kamata ya sani

Kalmar sirri, wadda salula mai Faransanci ke rubutawa mot de passe, jerin haruffa ne ko lambobi da mutum ke bugawa don a tabbatar cewa shi ne mai asusun da ake son buɗewa. Idan lambobi ne zalla, huɗu ko shida, ana ce mata lambar sirri, ko kod kamar yadda aka saba faɗi a bakin butik. Kamfanin da ke riƙe da asusun bai san mutum ba, bai san gidansu ba, bai san muryarsa ba. Duk wanda ya buga kod daidai, a wurin kamfanin shi ne mai abu.

A Filinge, mai tazarar kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, da ƙauyukan ƙaramar hukumar da takardun gwamnati ke rubutawa Kourfeye Centre, kuɗi masu yawa yanzu ta salula suke shigowa. Ɗan cirani da ke Abijan ko Kwatano ko Legas ta nan yake aiko da na cefane da na taki. Wanda ya sayar da sa a kasuwar Lahadi yakan zuba kuɗin a asusun salula maimakon ya kama hanya da su a aljihu. Ga Airtel Money da Moov Money da Zamani Cash, ga kuma kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana da Al Izza. Abin da a da ake ƙullewa a bakin zane ko a binne a ɗaka, yau lambobi huɗu ne ke tsaronsa. Sai dai a wurin mutane da yawa a ƙasar Kurfai, waɗannan lambobin ba su suka zaɓe su ba, kuma ba su kaɗai suka san su ba. Wannan ita ce babbar matsalar, ta fi ta masu kutse na ƙasashen waje kusa da gida.

Asalinta

An fara amfani da kalmar sirri a kwamfuta a farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, inda wani masani mai suna Fernando Corbató ya tsara yadda mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta ɗaya, kowa da ma'ajiyarsa. Ba a jima ba wani ɗalibi ya sa na'urar ta buga masa jerin kalmomin kowa da kowa, don ya ƙara samun lokacin aiki. Ke nan satar kalmar sirri kusan tare suka taso da ita kanta kalmar. Kod mai lambobi huɗu kuwa ya yaɗu ne da na'urar cirar kuɗi ta banki, wadda aka fara kafawa a Landan a 1967. An tsaya a kan huɗu ne don sauƙin tunawa, ba don ƙarfi ba.

Ƙofofi nawa ke cikin salula ɗaya

Mai salula ta zamani yana da ƙofofi aƙalla biyar, kowacce da makullinta, kuma mutane kan rikita su.

Ta farko ita ce pus, wato katin layi. Yana da nasa kod, wanda sau da yawa yakan zo a 0000 ko 1234 daga kamfani, kuma mutane kaɗan ne ke kunna shi. Idan ba a kunna ba, wanda ya tsinci salula ba ya buƙatar buɗe ta: ya cire pus, ya sa a wata, duk saƙonnin tabbatarwa na WhatsApp da Facebook da na banki su rinƙa zuwa hannunsa. Idan an kunna, kuskure uku ke rufe katin, sai da wata lamba mai takwas da ake kira PUK, wadda ke rubuce a jikin robar da aka ɓallo pus daga ciki. Kuskure goma a PUK yana kashe katin gaba ɗaya. Shi ya sa bai kamata a yar da wannan robar a bakin butik ba.

Ta biyu ita ce kullen allo: kod, ko zane, ko yatsa. Zane a kan ɗigo tara yana da hanyoyi 389,112, amma wani bincike da wata ɗaliba ƴar Norway, Marte Løge, ta gabatar a 2015 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na mutane suna farawa ne daga kusurwar sama ta hagu, kashi 77 kuma daga ɗaya cikin kusurwoyi huɗu. Ƙari a kan haka, zane yana barin sawun maiƙo a gilashi, kuma wanda ke zaune kusa da kai a fada yana iya haddace shi da kallo ɗaya. Kod mai lambobi shida ya fi shi. Yatsa na da sauƙi, amma wanda ya yi damina yana riƙe da hauya ya san yadda salula ke ƙin gane yatsansa, kuma duk lokacin da aka kashe ta aka kunna sai ta nemi kod.

Ta uku ita ce kod na asusun kuɗi. Ta huɗu asusun Google, wanda kusan kowace salula mai Android ke tafiya a kansa. Ta biyar kuma su WhatsApp da Facebook da TikTok. Waɗannan ƙofofin a jere suke: mai riƙe da layi yana iya karɓe WhatsApp, mai riƙe da asusun Google yana iya ganin lambobin mutane da hotuna da kalmomin da aka ajiye. Don haka gyara daga pus yake farawa, ba daga Facebook ba.

Wanda ya buɗe maka asusu

Ga yadda abin ke faruwa kullum. Mutum ya sayi salula sabuwa ko ta hannu, ya miƙa wa yaron shago ya ce a sa masa WhatsApp. Kafin a sauke manhaja sai da asusun Google, sai yaron ya buɗe sabo cikin minti biyu, ya sa suna yadda ya ga dama, ya sa kalmar sirri. Yawanci lambar wayar mai salular ce yake sawa, ko kalma ɗaya da yake sa wa duk wanda ya zo. Wani ma nasa asusun yake sawa don ya huta. Mai salula ya biya dala ashirin ko arba'in, ya tafi, bai san yana da wani abu wai shi asusun Google ba.

Yawancin waɗannan samarin ba da mugun nufi suke yi ba, aiki ne suke rage wa kansu. Amma illar tana fitowa daga baya. Tun daga Android 5.1 da ya fito a 2015, idan aka wanke salula ta hanyar da ba ta dace ba, ba za ta sake buɗewa ba sai an sa asusun Google da ke kanta a da. An yi haka ne don a hana ɓarayi cin moriyar abin da suka sata, sai ga shi yana kama mai abu da kansa, wanda bai taɓa sanin kalmar ba, yaron da ya sa ta kuma ya tafi Libiya. Haka in salula ta faɗa rijiya: lambobin abokan ciniki na shekaru suna nan a ajiye a asusun, amma babu mai iya shiga.

Haka abin yake a wurin cirar kuɗi. Tsoho ko tsohuwa da ba su saba da latsa lambobi ba sukan miƙa salula ga mai butik, su faɗi kod da ƙarfi, mutum biyar na tsaye a layi. Wasu ma a bayan salular suke manna takarda mai kod ɗin. Ƙa'idar dukan kamfanonin ɗaya ce: mai asusu ne ke buga kod da hannunsa, wakili ba ya da hurumin tambaya. Wanda ba ya iyawa, gara ya zaɓi mutum ɗaya tak daga gidansa da zai rinƙa raka shi, maimakon duk wanda ya tarar.

Gyaran ba ya cin ko dala. A zauna da wanda ya buɗe asusun, ya faɗi adireshin da kalmar, a rubuta. Daga nan a canza kalmar bayan an rabu da shi, a duba lambar waya da ke cikin asusun a matsayin ta ceto, a tabbatar ta mai salular ce. Idan asusun na yaron shago ne, a buɗe sabo, a kwashe lambobin mutane zuwa cikinsa, a cire nasa.

Lambobin da kowa ke zaɓa

Lambobi huɗu suna ba da zaɓi 10,000, daga 0000 zuwa 9999. Da mutane na zaɓa ba tare da tunani ba, da ɓarawo mai damar gwaji uku ba zai ci nasara ba sai da ƙyar. Amma mutane ba haka suke yi ba. A 2012 wani mai nazarin alƙaluma, Nick Berry, ya duba kod miliyan 3 da dubu 400 da suka fallasa a intanet, ya tarar kusan kashi 11 cikin ɗari 1234 ne, sai 1111 da kusan kashi 6, sai 0000. Lambobi ashirin kacal sun kwashe sama da kashi ɗaya cikin huɗu na jimillar. Waɗanda suka fara da 19, wato shekarun haihuwa, su ma sun yi yawa ƙwarai.

A Nijar akwai ƙarin tarko. Mutane da yawa da aka haifa a karkara takardunsu na ɗauke da 1 ga Janairu a matsayin ranar haihuwa, don haka 0101 lamba ce da dubban mutane suka yi tarayya a kanta. Shekarar haihuwa tana rubuce a katin ɗan ƙasa, katin kuma yawanci a cikin rigar salular yake. Lambobi huɗu na ƙarshen layi, 1960, lambar babur, shekarar aure: duk wanda ya san ka zai fara da su. Da ɗan gari akan ci gari.

A ɓangaren haruffa ma haka ne. A 2009 an sace kalmomin sirri miliyan 32 daga wani kamfanin Amurka mai suna RockYou, aka baza su, aka ga 123456 ce a kan gaba. Har yau masu kutse da wannan jerin suke fara gwaji. A ƙasashen da ke aiki da allon rubutu na Faransanci, azerty na cikin na sahun farko. Sunan ɗa ko na mata da 123 a ƙarshe, sunan gari da 227, sunan ƙungiyar ƙwallo, duk sun shiga lissafin na'urorin gwaji tuntuni.

Tsawo ya fi wahala amfani

Shekara da shekaru ana gaya wa mutane su haɗa babban baƙi da ƙarami da lamba da alama, su kuma canza kalmar duk bayan wata uku. Hukumar NIST ta Amurka, wadda daga takardunta wannan shawara ta yaɗu, ta janye ta a 2017, domin abin da ta haifar shi ne mutane su sa Filinge1! yau, bayan wata uku su mayar da ita Filinge2!. Shawarar yanzu ita ce kalma ta yi tsawo, kada ta kasance cikin waɗanda suka riga suka fallasa, kuma ba sai an canza ta ba sai in akwai alamar wani ya san ta.

Lissafin a fili yake. Ƙananan haruffa takwas suna ba da zaɓi kimanin miliyar 209. Kalmomi biyar da aka tsinto ba tare da tsari ba daga cikin kalmomi 2,000 suna ba da abin da ya ninka wannan fiye da sau dubu 150, kuma sun fi sauƙin riƙewa a ka. Mai Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci yana da riba a nan, tunda jerin kalmomin da masu kutse ke gwadawa ya fi cika da Turanci da Faransanci. Abu irin rumbu-gishiri-taguwa-laraba-ƙofa ya isa misali, amma kada kowa ya ɗauki wannan ɗin tunda an buga shi a jarida. Sharaɗin shi ne kalmomin kada su zama karin magana ko addu'a ko baitin waƙa da kowa ya sani, kuma gara a bar haruffa masu lanƙwasa irin ƙ da ɗ, domin ba kowace salula ke da su ba, ranar da aka ari ta wani sai a rasa yadda za a buga.

Kalma ɗaya a ƙofa goma

Ko kalma ta kai ƙarfin ƙarfe, in ita ce a ko'ina, rauninta na wurin da ya fi kowane sakaci. Kamfanoni manya ma ana fasa su. An sace bayanan LinkedIn a 2012, daga baya a 2016 aka ga na mutum sama da miliyan 100 a kasuwa. Kutsen da aka yi wa Yahoo a 2013 ya shafi asusu miliyar 3. Abin da ɓarayi ke yi da irin wannan ganima shi ne su sa na'ura ta gwada kowane adireshi da kalmarsa a Facebook da Gmail da sauran wurare. A 2016 aka shiga asusun Twitter da Pinterest na Mark Zuckerberg, mai Facebook da kansa, waɗanda suka yi kutsen kuma suka ce a cikin bayanan LinkedIn suka samo kalmarsa. Mai son dubawa ko adireshinsa ya taɓa fallasa yana iya sa shi a shafin Have I Been Pwned, wanda wani ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya buɗe a 2013, kuma kyauta ne.

A nan gida, wuraren da suka fi haɗari su ne ƙananan shafukan da ke alkawarin aiki, ko tallafi, ko megabit kyauta, ko caca, su ce a yi rajista da lambar waya da kalmar sirri. Wanda ya sa musu kalmar da yake amfani da ita a Facebook ya ba kura ajiyar nama.

Ba fasawa ake yi ba, roƙo ake yi

Mafi yawan asusun da ke salwanta a garuruwanmu ba fasa su aka yi ba, mai su ne ya miƙa makulli da hannunsa. Salon da ya fi yawa shi ne na WhatsApp. Ɗan damfara ya sa lambarka a salularsa, WhatsApp ya aiko maka da saƙo mai lambobi shida, sai ya kira ko ya rubuto da sunan wani da ka sani, ya ce ya yi kuskuren tura maka kod ɗinsa, ko ya ce ana sabunta rukunin ƴan gari ne, ko za a sa ka cikin jerin masu samun tallafi. Kana karanta masa lambobin, asusunka ya koma hannunsa. Daga nan ya bi ƴan'uwanka ɗaya bayan ɗaya da hotonka da sunanka, yana cewa an kwantar da yaro a likita, a taimaka da jika ashirin kafin gobe. Su kuma rukunan da kake ciki sun zama sabuwar gonarsa.

Maganin wannan yana cikin WhatsApp ɗin tun 2017. A shiga Paramètres, sai Compte, sai Vérification en deux étapes, a sa kod mai lambobi shida na kai. Ko an yaudari mutum ya ba da na saƙo, ɓarawo zai tsaya a wannan ƙofa ta biyu. Wanda aka riga aka karɓe wa asusu ya sake sa lambarsa a WhatsApp, ya karɓi sabon saƙo, yana shiga ana fitar da ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya sa nasa kod na mataki biyu, sai an jira kwana bakwai, amma a cikin kwanakin shi ma ba ya ciki. A kuma rinƙa leƙa Appareils connectés, domin wanda ya riƙe salula minti ɗaya a wurin caji yana iya haɗa asusun da tasa na'urar ya rinƙa karanta saƙonni ba a sani ba.

Na kuɗi kuma kira ne: wai daga kamfani, za a rufe layinka, ko ka ci kyauta, ko an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar. Babu kamfanin waya ko banki da ke tambayar kod a waya. Saƙon da ke cewa kuɗi sun shigo ana iya ƙirƙirarsa, don haka a duba ragowar asusu da kai kafin a mayar da komai. Ita ma lambar karɓar kuɗi da kamfanonin aikawa ke bayarwa sirri ce tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Ɗaukar hoton rasit a jefa a rukuni mai mutum ɗari ganganci ne.

Manhajar ajiyar kalmomin sirri

Tunda ba mai iya haddace doguwar kalma daban ga kowane asusu, aka ƙirƙiro manhajar da ke riƙe su, wadda Faransanci ke kira gestionnaire de mots de passe. Aikinta uku ne: ta ƙirƙiro kalma mai tsawo da ba ta da ma'ana, ta ajiye ta a rufe, ta kuma cika ta da kanta idan an zo shiga. Mutum babbar kalma ɗaya kawai zai riƙe, wadda ke buɗe ma'ajiyar. Tana da wani amfani da ba a cika faɗi ba: tana duba adireshin shafi kafin ta cika. Idan aka turo maka shafin bogi mai kama da Facebook, ido na iya ruɗuwa, ita kuwa ba za ta kawo kalmar ba, wannan shirun nata gargaɗi ne.

Mai Android yana da irinta a salularsa ko bai sani ba, ta Google, wadda ke tambaya ko a ajiye kalma duk lokacin da aka shiga wani wuri. Kyauta ce, ba ta buƙatar sauke komai, tana kuma nuna kalmomin da aka maimaita da waɗanda suka fallasa. Ga yawancin masu karatu ita ta wadatar, da sharaɗi biyu: asusun Google ya zama naka kai kaɗai, allon salula kuma ya kasance a kulle. In ba haka ba, an tara komai ne wuri ɗaya an miƙa wa yaron shago. Mai iPhone yana da makamanciyarta daga Apple.

Akwai masu zaman kansu. Bitwarden, da ya fito a 2016, yana da tsarin kyauta kuma yana aiki a salula da kwamfuta, ya dace da malamin lakkol ko ma'aikacin magajin gari da ke aiki da na'ura biyu. KeePass, da wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fara a 2003, yana ajiye komai a fayil ɗaya a cikin na'urar mutum ba tare da intanet ba, abin da ke da daɗi inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa. Amma in salula ta ɓace babu kwafin fayil ɗin a wani wuri, komai ya tafi. Wasu kamar 1Password na kuɗi ne, ana biya da katin banki, wanda ba kowa ke da shi ba.

Ba a ce babu haɗari ba. A 2022 an yi kutse a kamfanin LastPass, aka kwashe kwafin ma'ajiyoyin mutane. A rufe suke, amma wanda babbar kalmarsa gajera ce ya shiga uku, tunda ɓarayin na da lokacin gwaji yadda suke so. Darajar ma'ajiya ke nan tana ga babbar kalmar, kuma a yawancin waɗannan manhajoji in an manta da ita kamfanin kansa ba ya iya dawo da ita. Sannan manhajar ba ta cika kod na asusun kuɗi da ake bugawa ta lambobi masu tauraro da alamar diyez. Wannan a ka yake zama. Mai ƙaramar salula ta maɓallai kuwa ba ruwansa da wannan babin gaba ɗaya: kod na pus da na kuɗi su ne nasa.

Ga asusun Google da Facebook akwai ƙofa ta biyu kamar ta WhatsApp. Ana iya karɓar kod ta saƙo, amma manhaja irin Google Authenticator ta fi, domin tana fitar da sabuwar lamba duk daƙiƙa 30 ko babu rezo. Google na kuma ba da lambobin ceto guda goma, codes de secours, da ake kwafewa a takarda saboda ranar da salula ta ɓace. Tun 2022 Apple da Google da Microsoft suka amince da wani sabon tsari, clés d'accès, inda yatsa ko kullen allo ke maye gurbin kalmar, kuma WhatsApp ya karɓe shi. Yana rage yaudara sosai tunda babu abin da za a karanta wa mai kira, sai dai yana ƙara wa kullen allo nauyi.

Littafi a akwati

An daɗe ana cewa kada a rubuta kalmar sirri. Wannan shawara ta ofis ce, inda ake manna takarda a jikin kwamfuta. Ga magidanci a Cikal ko Tukunus, ƙaramin littafi da ke cikin akwati tare da takardun gona da na haihuwar yara ya fi kalma ɗaya mai sauƙi da ake sawa ko'ina. Ɗan damfara da ke wata ƙasa ba ya iya buɗe akwati. A rubuta adireshin Google da kalmarsa, da PUK, da kod na mataki biyu, da babbar kalmar ma'ajiya, da boko ko da ajami. Abin da ba a so shi ne littafin ya rinƙa yawo a aljihu ɗaya da salula, ko a ɗauki hotonsa a bar shi cikin hotuna.

Littafin yana da wani amfani. Idan mai asusu ya rasu, kuɗin da ke ciki na magada ne, kuma hanyar da ta dace ita ce a je kamfani da takardun mutuwa da na gado. Amma sai iyali sun san asusun yana nan kafin su nema. Mai ciniki da ke karɓar ajiyar mutane ko uwar adashe ya kamata a ce akwai amintacce ɗaya da ya san inda littafin yake.

Layin ɗan cirani

Tunda komai a kan lambar waya yake rataye, wanda zai yi wata shida ko shekara a waje ya kula da layinsa na 227. Layin da ya daɗe ba a yi aiki da shi ba kamfani na rufe shi, daga baya ya sayar wa wani, sabon mai shi kuma shi zai rinƙa karɓar saƙonnin tabbatarwa. WhatsApp yakan goge asusun da ya kai kimanin kwana 120 bai hau intanet ba, Google kuma ya sanar cewa daga Disamban 2023 yana iya goge wanda ya shekara biyu ba a taɓa shi ba. Wanda ya sauya lamba ya yi amfani da Changer de numéro a WhatsApp, ya kuma sauya ta a Google da Facebook tun tsohon layin na hannunsa.

Sai batun sunan da ke kan layin. Rajistar pus da takardar shaida dole ce a Nijar. A ƙarshen 2013 an rufe layuka kimanin miliyan ɗaya da dubu 700 da ba a yi wa rajista ba. Ba baƙon abu ba ne a tarar layin mutum da katin wansa ko na mai butik aka yi masa rajista. Ranar da pus ya ɓace, wanda sunansa ke rubuce shi kamfani zai ba sabo, tare da duk abin da ke rataye a kansa. Gara a je ofishin kamfanin da katin ɗan ƙasa a mayar da layin sunan mai shi tun ba a shiga matsala ba.

Abin da doka ta tanada

Dokar yaƙi da laifukan intanet mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yulin 2019 ta haramta shiga na'ura ko asusun wani ba da izini ba, da damfara ta hanyar sadarwa, ta kuma tanadi ɗauri da tara. Kare bayanan mutane yana hannun hukumar HAPDP, sa ido a kan kamfanonin waya kuma na hukumar ARCEP. Wanda aka sace wa salula ko aka yashe wa asusu ya fara kiran kamfanin layinsa daga wata wayar a dakatar da pus da asusun kuɗi, ya sanar da dangi da rukunansa cewa kada a tura wa kowa komai da sunansa, sannan ya kai ƙara komsariya ko wurin jandarma. Ya tafi da lambar da ta kira shi, da lambar da aka tura wa kuɗin, da saƙon shaidar cinikin mai ɗauke da rana da sa'a, kada ya goge ko ɗaya.